Sandan Baba da Jam'iyyar Mutum Bakwai

Jam'iyyar mijina mutum bakwai ce, kuma ban taɓa ganin sun cika bakwai a zama ɗaya ba. Kullum akwai wanda ciwon ciki ya hana shi zuwa, ko wanda matarsa ta tsare masa ƙofa. A tsakar gidanmu suke taruwa, a unguwar Tandabawi ta Makka, duk ranar Talata bayan la'asar. In na ce gida kada ku hango benayen Makka masu tagogin katako. Ɗaki biyu ne na gwangwanayen kananzir da aka fasa aka kafa wa itace, sai danga ta kaba da tsummoki. Irinsa mu Takari muke zama a lokacin, 'yan shekaru bayan babban yaƙi.

A nan ana kiran irinsu shuyu'i, kalmar da ba a faɗa sai an waiwaya. Sai da na tsufa na ji rediyo na cewa 'yan gurguzu. Mijina a Sudan ya kwaso abin, inda ya yi shekaru yana aikin jirgin ƙasa kafin ya tsallako teku ya kafa keken ɗinkinsa a bakin hanya. Mutane na cewa shuyu'i ba ya salla. Nawa dai yana yi, har ya fi ni tashi da asuba. Abin da na sani shi ne ba ya iya ganin ana cutar talaka ya yi shiru, kuma in ya fara magana ba ya sanin inda ake tsayawa. Ina son sa, ina kuma yawan jin kamar in toshe masa baki da ƙosai.

Sauran shidan, akwai 'yan ga-ruwa biyu Hausawa, ɗaya dogo ɗaya gajere, akwai mai gasa burodi Bayamane, da wani magatakarda da ke rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwa, da 'yan dako biyu. Littafinsu ɗaya ne, na Larabci, ba shi da bango. Magatakardan ke kwafo maganganu daga ciki a ƙananan takardu, ni kuma in ƙulle gyaɗa a ciki in sayar. Haka aka yaɗa aƙidar jam'iyya a unguwarmu. Yawancin masu sayen ba su iya karatu ba, su cinye gyaɗar su share hannu da takardar. Mutum ɗaya da na tabbata ya amfana da takardun nan ni ce, don a kansu mijina ya koya mini haɗa baƙi.

Baba ɗan ga-ruwa ne, tare da mu yake zaune. Daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa shi da Inna, suka yi shekara bakwai a hanya, noma nan, tsinkar auduga can. A Sudan aka haife ni, a can kuma aka binne Inna. Ya iso Makka da ni a kafaɗa, ya sauke faralinsa, ya ɗauki sanda da garwa biyu, bai sake ajiyewa ba. Sandan gora ne mai kauri, tsakiyarsa ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumi. A kafaɗarsa ta dama akwai kanta mai tauri kamar tafin raƙumi. Shi a wurinsa aikin nan ibada ne, yana shayar da maƙwabtan Ɗakin Allah. Ya sha gaya mini roƙonsa ɗaya ne a duniya: kada a raba shi da sandan nan sai ranar da shi da kansa ya ga ya isa.

A bazan yake ɗiba. Bazan shi ne wurin ruwan unguwa, ginin dutse mai famfo biyu, kuma a gefensa nake kafa kaskona in soya ƙosai in dama kunu, don haka babu abin da ke faruwa a wurin da ban sani ba. Wurin yana da shaihinsa, kuma yana da dokokinsa waɗanda kowa ya haddace. In ka dawo ka jera garwarka a ƙarshen layi. Ba ka taɓa garwar wani, ba ka tsallake ta, ko da mai ita ya tafi fitsari. Wanda ya tsallake, shaihi zai sa a kwantar da shi a gaban kowa ya zane shi da bulala, komai gemunsa. Amma mutum yana da ikon ba wa wani layinsa kyauta, wannan sadaka ce, ba mai hanawa.

Shaihin ne kuma ke raba gidaje. Ba zan ce mugu ba ne, amma ya san inda ake yi masa alheri da salla. Manyan gidaje na ƙasa, masu kusa, ya ba wa samari majiya ƙarfi. Gidajen talakawa na can ƙololuwar dutse ya bar wa tsofaffin Takari. Baba sai ya hau ya sauko, gwiwoyinsa na ƙara, ya tarar da layi ya kai bakin masallaci, ya jera a baya kamar kowa. Samari su yi sahu uku kafin ya yi ɗaya. Ruwa ya fara isa gidajensa bayan azahar, wani maigida ya kawo ƙara.

Ina juya ƙosai shaihi ya kira Baba, a cikin watan Zulƙida. Bai ɗaga murya ba, har da ce masa ammi, wato baffa.

"Ya ammi, halas, shi ke nan, ka yi naka. A gama hajjin nan, in Safar ya tsaya ka kawo sanda. Akwai mai jira."

Baba ya ce, "Tayyib," wato to, ya ɗauki garwarsa ya hau dutse. Da ya dawo gida bai taɓa tuwonsa ba. Na same shi zaune yana shafa wa sandan man ja da tsumma, abin da yakan yi sai ranar jajibirin salla. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na rantse a raina ba za a karɓi sandan nan ina raye ba, duk da ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Talata na kai wa jam'iyya shayi na faɗa musu. Abin da ya ba ni haushi, murna suka yi. Shekara biyu suna neman abin da za su kama, ga shi ya zo har gida. Mijina ya miƙe tsaye, alhali dukansu biyar ne ranar kuma gwiwoyinsu na gugar juna.

"A Sudan," in ji shi, "mun koyi abu ɗaya. Ma'aikaci yana ajiye aiki ne ranar da aka fi bukatarsa. Lokacin da auduga ta cika tasha, a ranar muke kashe wutar jirgi. Yaushe aka fi bukatar ɗan ga-ruwa a Makka?"

Suka ce lokacin hajji. Aka tsayar da magana: biyar ga Zulhajji, gari ya cika maƙil da alhazai, kowane ɗan ga-ruwa ya kife garwarsa har sai shaihi ya janye maganarsa.

Baba yana ɗakinsa yana jin komai ta cikin gwangwani. Bai taɓa sa musu baki ba, surutun yara yake ɗaukarsa. Ranar sai ga shi ya ɗaga labule.

"Kai tela," ya ce wa mijina. Da can "ɗana" yake ce masa. "Shekara bakwai na yi ina taka ƙasa. Na binne matata a hanya. Don in zo in hana baƙon Allah ruwa? In da sunana za ku yi wannan, na yafe. A karɓi sandan."

Ya saki labule. Daga ranar bai ƙara yi wa mijina magana ba, ko gaisuwa sai da kai.

Ni ma na gaya masa. Na ce, "Maigida, auduga ba ta jin ƙishirwa. Waɗannan mutane ne, kuma baƙi ne. Ba ɗan ga-ruwan da zai bi ku." Ya ce ban fahimci yadda tarihi ke tafiya ba. Na ce tarihi ban san shi ba, amma na san mutanen bazan ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ke son ƙosansa da yaji.

Biyar ga wata ta zo da zafi irin na ƙarshen bazara, tun hantsi dutse ke huci. Mutum uku suka kife garwa: dogo, gajere, da wani ƙanen matar gajere da kunya ta kama. Suka zauna a kan garwarsu a gefen bazan suka naɗe hannu. Sauran suna wucewa suna yi musu kallon mahaukata. Ba a jima ba ayarin alhazai ya biyo ta hanyar, mutanen wata ƙasa mai nisa, sun ɓata suna neman masaukinsu. Wata tsohuwa a cikinsu ta zube a gaban dogo, leɓɓanta sun tsattsage, ta miƙa masa kofin gwangwani. Ba ta da Larabci sai kalma ɗaya.

"Moya," ta ce, wato ruwa.

Dogo ya dube ta, ya dubi gajere. Ya tashi ya juya garwarsa, ya roƙi na gaban layi ya ba shi layinsa, ya cika mata kofin, ya cika wa sauran butocinsu, ya raka su har ƙofar masauki da ruwa a kafaɗa. Yajin aikin jam'iyya ke nan, daga asuba zuwa walaha. Shaihi ma bai san an yi ba, ya ɗauka ukun ba su da lafiya ne.

Talatar da ta biyo bayan salla ba wanda ya iya ɗaga kai. Magatakarda ya ce talakawa ba su waye ba tukuna. Na ajiye tiren shayi da ƙarfi har kofi ya yi tsalle, na jawo turmi na kife na zauna a cikinsu, abin da ban taɓa yi ba.

"Ku ne ba ku waye ba," na ce. "Kun nemi mutane su yi abin da suke jin kunyar Allah a kansa. Ku nemi su yi abin da za su yi alfahari da shi mana."

Na shimfiɗa musu abin da na yi kwanaki ina juyawa a bakin kasko. A Safar alhazai sun watse, babu baƙon da zai ji ƙishi. Ranar da aka ce Baba ya kawo sanda, dogo ya riga kowa kafa garwarsa a bakin famfo na dama, gajere a na hagu. In Baba ya iso su ce sun ba shi layinsu. Shaihi zai ce Baba ba shi da layi. Su kuma su ce sadaka ta riga ta fita, ba a mayar da ita, ba za su ɗiba ba sai wanda suka ba wa ya ɗiba. Garwarsu na nan a gaba, ba mai ikon tsallake ta. Ba wanda ya ƙi aiki, ba wanda ya karya doka. Kowa yana tsaye a layinsa yana jira kamar yadda aka koya masa.

Mai burodi ya ce wannan dabarar mata ce. Na ce to a kawo ta maza, mun ga ta farko. Magatakarda ya buɗe littafi yana neman inda aka ambaci irin wannan, bai samu ba, ya ce abin ba shi da tushe a aƙida. Mijina ya ce a ɗaga hannu. Ranar su shida ne, uku suka ɗaga uku suka ƙi. Sai na ɗaga nawa, da ludayin a ciki.

"Ke ba 'yar jam'iyya ba ce," in ji magatakarda.

"Shekara biyu wa ke dafa shayin? Wa ke raba takardun?"

Mijina ya dube ni, ya danne dariya, ya ce huɗu da uku. A nan na sa masa sharaɗi a gaban kowa. Ranar ba zai leƙo bazan ba. Shi tela ne, ba shi da garwa, ba shi da dalilin tsayawa a wurin, kuma na san bakinsa. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya ji.

Sauran aikin nawa ne, kuma na yi shi wata guda da rabi cur. Dogo da gajere za su iya tsare famfo, amma in sauran suka gaji suka yi gunaguni, shaihi zai samu ƙofa ya ture garwar da hannunsa. Sai kowa ya yarda ya tsaya. Ban taɓa ce wa ko ɗaya "ma'aikata" ba, ban ce "haƙƙi" ba. In saurayi ya zo sayen kunu sai in ƙara masa ludayi, in ce, "Ɗan'uwa, shekararka nawa da sanda?" Ya faɗa. In ce, "Ka duba gwiwar Baba. Taka ce nan da shekara ashirin. Ranar wa zai ce maka wuce?" Wasu su shanye kununsu su wuce. Wasu su ce shaihi ba a ja da shi. In ce ban ce ka ja da kowa ba, cewa na yi ka tsaya a layinka, ko tsayuwa ma ta gagare ka? Akwai Yamanawa a bazan ɗin, akwai mutanen Barno, akwai 'yan ƙasa. Na bi su da guntun Larabcina. Wanda ya ƙi ji a bakin kasko na bi shi gida na zauna da matarsa.

Sai gidajen talakawa. Ban yarda yaro ko mai jego su kwana da ƙishi saboda mu ba, in ba haka ba me ya raba mu da masu yajin hajji? Na hau dutsen nan gida gida, ƙafafuna suka kumbura, a nan na san abin da Baba ke sha kullum da garwa biyu. Na ce wa mata su cika randuna da tuluna da duk abin da ke riƙe ruwa kafin Safar ya tsaya. Suka tambayi dalili, na ce an ce za a gyara famfo. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar. Manyan gidaje ban je ba. Su ne masu wanke daɓe kullum da yayyafa wa tsakar gida, ruwan jiya ba ya kai musu yau.

Baba ban gaya masa komai ba. Da ya sani da ya hana.

Ranar ɗaya ga Safar na kafa kaskona tun ana fitowa daga sallar asuba. Dogo da gajere suna bakin famfo, layi ya fara miƙewa a bayansu. Suna ta jan lokaci, wannan ya ce igiyarsa ta kwance, wancan yana ɗauraye garwa. Can sai ga Baba ya karyo kwana. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Sandan na hannunsa, ba a kafaɗa ba, garwa biyun yana riƙe da su ta igiya. Ya zo ne ya miƙa sandan. Na ji hawaye ya taho, na haɗiye, don ba ranar kuka ba ce.

Kafin ya kai wurin shaihi dogo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, bismilla. Na ba ka layina, fi sabilillahi."

Gajere ya ce shi ma ya ba shi nasa. Baba ya tsaya yana dubansu bai gane ba. Shaihi ya taso daga bencinsa ya gitta bulalarsa a kan famfo.

"Tsohon nan ba shi da layi daga yau. Yalla, ku ɗiba ku ba mutane wuri."

"Ya shaihi," in ji dogo, "na riga na bayar. In na ɗiba yanzu na ci sadakata. Ni dai ina jira."

Shaihi ya juya ga na bayansa, wani Bayamane mai faɗin ƙirji wanda na yi zuwa uku gidansa. Ya ce masa ya wuce. Man kaskona na ƙonewa ban sani ba. Bayamanen ya dubi garwar dogo, ya dubi shaihi.

"In tsallake garwa? Kai ka zane ni a kan haka bara."

Wani ya yi dariya a baya. Shaihi ya bi layi yana kiran mutane ɗaya ɗaya, kowa ya ce akwai garwa a gabansa. Ba wanda ya yi tsawa, ba wanda ya zauna. Rana ta ɗaga, layi ya wuce masallaci ya shiga lungu. Baba ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ke, aikinki ne wannan?"

"Ni ƙosai nake soyawa, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya je ya tsaya a gefen famfo, ya dogara sandansa a ƙasa, ya miƙe ƙirji yadda ban ga ya yi ba a shekaru.

Wajen walaha barorin manyan gidaje suka fara zuwa. Kafin azahar wakilin wani babban attajiri ya zo da kansa a kan jaki, ya ja shaihi gefe. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga hannunsa na nuna famfo yana nuna rana. Shaihi mutum ne mai wayo, ya san in ya ture garwa da hannunsa ya karya dokar da ita ce ta ba shi bulala. Ya dawo yana share gumi, ya ɗauke bulalar, ya yi magana kamar shi ya tuno abin.

"Daga yau mai furfura ba ya bin layi a bazan ɗin nan. In ya iso ya ɗiba. Ya ammi, cika garwarka."

Baba ya kara garwa, ruwa ya fara zuba. Da an tsaya a nan da na ce ban taɓa ganin rana mai daɗi irinta ba. Sai na ji murya daga kan katangar bazan, muryar da na fi sani a duniya. Mijina ne, da almakashinsa a aljihu da zare a wuya. Tun safe ashe yana laɓe a shagon mai shayi, ya riƙe alkawarinsa har wajen sa'a shida, daga nan ya gagare shi.

"Ya 'yan'uwana ma'aikata," ya fara, da Larabci, "yau kun ga ƙarfinku." Ya ci gaba da maganganun littafin nan marar bango, masu dukiya da masu gumi, har da kalmar da ba a faɗa sai an waiwaya. Mutane suka fara sunkuyar da kai suna ɗaukar garwarsu. Wakilin attajiri yana kan jakinsa yana saurare da kyau. Na yi masa alama ya sauko, na ɗaga ludayi, bai ko gan ni ba. Fuskarsa na haske, shekara da shekaru yake jiran ya faɗi maganar nan a gaban taro.

Bayan kwana biyu hukuma ta turo aka tafi da shi daga kan kekensa. Ba a taɓa kowa ba sai shi, don shi kaɗai ya yi magana, kuma bai ambaci sunan kowa ba. Aka tsare shi a wani gida can wajen gari ta hanyar Jidda, aka ce za a mayar da shi inda ya fito. Na yi fushi da shi fushin da ban taɓa yi da mutum ba. Na yi kuka kuma har idona ya kumbura, ina zaginsa ina ninke masa riguna.

Washegari Baba ya iso bazan, layi ya buɗe masa, ya cika garwa biyu. Maimakon ya nufi dutse sai ya miƙi hanyar Jidda. Na bar kaskon a hannun maƙwabciyata na bi shi da ƙunshin rigunan. Tafiya ce mai nisa ga saurayi ma. Ya tsaya ya huta sau huɗu, na ce ya kawo in kama masa, ya ce in matsa. Masu gadi ba sa hana ɗan ga-ruwa shiga, ni suka tsayar a ƙofa, amma ina hango tsakar gidan. Mijina ya taso daga cikin waɗanda ke zaune a inuwar bango. Wata uku ke nan Baba bai ce masa uffan ba.

"Baba, da nisa haka? Gidajenka fa?"

"Layina ne, in kai inda na ga dama," in ji Baba. Ya sauke sanda, ya cika moɗa ya miƙa masa. "Sha, ɗana. Surutu na kawo ƙishi."

Kwana goma sha ɗaya mijina ya yi a wurin, kullum sahun farko na Baba can yake zuwa, sannan ya dawo ya hau dutsensa. Ranar sha biyu muka tarar mota ta kwashe su. Wasiƙa biyu na samu daga Sudan, ta biyun ma rabinta bayani ne a kan ma'aikatan tasha. Daga nan shiru. Ban ƙara aure ba.

Jam'iyya ba ta sake zama ba. Mai burodi ya jefa littafin a tanderunsa, magatakarda ya koma gaishe ni daga nesa. Amma dokar mai furfura ta zauna, ta kuma tsallaka wasu bazan ɗin, don ɗan ga-ruwa in ya ji ana yi a wata unguwa sai ya tambayi nasa shaihin me ya sa su ba a yi. Kafin a ja famfo cikin gidaje a daina sana'ar, na ji da kunnena wani saurayi yana gaya wa baƙo cewa al'adar Makka ce tun zamanin kakanni. Ban gyara masa ba. Iyakar abin da jam'iyyar mutum bakwai ta bari a garin nan ke nan, kuma ni ban raina shi ba.

Baba ya ƙara shekara shida yana hawa dutse. Wata safiya ya cika garwarsa, ya kai gida na ƙarshe a can sama, ya sauko, ya wuce bencin shaihi bai tsaya ba, ya zo gaban kaskona ya miƙo mini sandan.

"Ya isa," ya ce. "Ajiye wa mijinki, in ya dawo ya ga abin da ya saya mini."

Yana nan jingine a bayan ƙofata. Duk jajibirin salla nakan shafa masa man ja.